Gidan gado a ƙauye: ina ake samo ɗan haya, kuma me ake rubutawa?

Murtala

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar haya. Muna da gidan gado a wani gari da ke ƙaramar hukumar Kafin Hausa, a bakin titi, tafiyar kamar minti 15 a babur zuwa cikin gari. Akwai ciki da falo ɗaya da ɗaki ɗaya na bulo masu rufin kwano, da ɗaki biyu na ƙasa a ƙurya, sai wani ɗaki kusa da zaure mai ƙofa ta waje. Rijiya tana tsakar gida, salga ɗaya ce, an ja wuta amma babu mita. Iyayenmu duka sun rasu, mu bakwai ne magada, maza uku mata huɗu, ba a raba ba, kuma babu wanda ke zaune a garin. Damina biyu ke nan gidan yana rufe. Mun yi shawara mu sa shi haya maimakon mu sayar.

Abin da nake son sani: ta ina ake samo 'yan haya a irin wannan wuri? Yaya ake yanke kuɗi, kuma shekara ake karɓa ko wata-wata? Takarda fa, tunda mutanenmu suna ɗaukar rubutu kamar rashin yarda? Sannan ƙanin mahaifinmu ya aiko cewa a ba ɗansa ciki da falon ya tare da amaryarsa, wai zai riƙa ba da ɗan wani abu. Yaya ake yi da wannan?

Malam Idi Dillali

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Malam Murtala, fara cire ɗan gari daga lissafinka. Mutumin ƙauye ba ya kama haya a garinsu. In aure ya zo, a gidan ubansa ake yankar masa gefe a ja darni. Mai biyan haya a irin wurinku baƙo ne da aiki ko kasuwa ta kawo, don haka ba allo za ka kafa a ƙofar gida ka zauna jira ba, wuraren da baƙi ke sauka za ka bi.

Na farko ma'aikata: malaman sakandare da na firamare da aka turo daga wata ƙaramar hukuma, ma'aikatan ƙaramin asibiti, ungozoma, malamin gona, ɗan sanda. Ka je da ƙafarka wajen shugaban sakandare da hedimasta da shugaban asibiti, ka gaya musu ɗaki nawa ne da kuɗinsu, ka bar lambar waya. Sabon ma'aikaci ranar da ya kai takardar kama aiki, tambayarsa ta farko ga shugabansa ita ce inda zai kwana. Amfanin wannan hanya shi ne wanda ya turo maka mutum ya riga ya zama rabin mai tsaya masa. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da ake komawa makaranta ana canje-canjen wurin aiki.

Sai 'yan bautar ƙasa. Suna yin mako uku a sansanin Fanisau da ke Dutse, a rarraba su, ranar da suka sauka a garin kuwa ranar suke neman ɗaki. Tun Maris 2025 alawus ɗinsu N77,000 ne, kuma zamansu ba ya wuce shekara, ba sa kafa gindi. Wanda zai tafi yakan miƙa ɗakin ga wanda ya gaje shi, sai ka ga ɗaki bai kwana a rufe ba. Da yawansu 'yan kudu ne, to a gaya musu al'adar garin tun ranar farko, game da sutura da baƙi da kiɗa, kada sai an yi ɓatacciya.

Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuwa kada ka ɗora rai a kansu. Ɗalibi kuɗin acaɓa yake lissafawa. A ce N500 zuwa N500 dawowa, kwana 20 a wata N20,000 ke nan, ya fi masa sauƙi ya matsu da abokansa a ɗaki ɗaya kusa da ƙofar makaranta. Ga hutu, ga yajin aiki. Na ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2022 wata takwas ya ɗauka.

Ɗakin nan mai ƙofa ta waje yana da kasuwarsa daban. Da kaka masu sayen riɗi da zoɓo da shinkafa suna neman sito na wata uku ko huɗu, kuma suna biya ba gardama. Illarsa: ɓera, da jan buhu da ke cinye daɓe, da ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa wake wadda ke fitar da iska mai guba. In bangonsa ɗaya da ɗakin da ake kwana, kada a sa hatsin da aka yi wa wannan maganin.

Kuɗi ba a yanke shi daga nesa. Ka tura wani, ba kai ba, ya tambayi gida uku masu kama da naku kamar shi ke neman ɗaki. In mai gida ne ya tambaya, ƙara masa ake yi don a faranta masa. Sannan ka yi wannan lissafin ka nuna wa 'yan'uwanka tun yanzu. Misali kawai: a ce ciki da falo N80,000 a shekara, ɗakin bulo N45,000, na waje N45,000, na ƙasa N20,000 kowanne. Jimla N210,000. Cire na wata biyu saboda zaman da ɗaki ke yi ba kowa, N35,000. Cire kashi ɗaya cikin huɗu na gyara, N52,500. Saura N122,500, ga mutum bakwai. Hayar ƙauye ba arziki ake yi da ita ba, gida take rayawa. Wanda bai ji wannan tun farko ba shi zai ce kana cin kuɗinsu.

Wajen tantance mutum: katin aikinsa, lambar NIN, da mai tsaya masa wanda ke da gida ko gona a garin, ko shugabansa na wajen aiki. Ka karɓi lambar tsohon mai gidansa ka kira. Daga nan ka kai shi gaban mai unguwa a san da zamansa. Wanda ya zo da kuɗin shekara biyu a aljihu, bai leƙa salga ba, bai tambayi ruwa ba, amma da ka ambaci mai unguwa ya fara kame-kame, mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya kawo rabi ya ce a ba shi makulli sauran sai an yi albashi, shi ma haka. Rabin nan ba ya zuwa. Ni a ganina shekara cif ake karɓa kafin makulli ya bar hannunka. In ka bi ta dillali, la'ada a al'ada kashi 10 cikin 100 ce ta shekarar farko, a yi magana tun farko wa zai biya. Aikin dillali ya ƙare ranar da aka miƙa makulli, kada ka bar shi yana karɓar maka haya.

Haladu Magini

Kafin ka kai kowa ya gani, Alhaji, gidan da ya yi damina biyu a rufe sai an bi shi daga sama zuwa ƙasa. Ka shiga ɗaki da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai. Duk inda ka ga haske a kwano, nan ruwa ke bi. In akwai silin, tabon ruwan zai nuna maka wurin. Yawancin yoyo daga ƙusa yake: ta yi tsatsa ko ta saki. A cire a sa ƙusa mai hula, a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba inda ruwa ke gudu. Ƙaramar huda a liƙe ta da kwalta, fallen da ya ruɓe a canza. Bandir falle 20 ne, sau da yawa rabinsa ya isa irin wannan gyaran. Katakon rufi a ƙwanƙwasa shi da guduma. In ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa. A canza, sauran a shafe su da baƙin mai da maganin gara. A duba langa-langar da ta ɗaure katako da bango, domin iskar farkon damina ta nan take samun rufi ta kwashe shi gaba ɗaya.

Ɗakunan ƙasa daga gindi suke mutuwa. Ruwan da ke zuba daga rufi yana fantsama ya zaizaye ƙasan bangon har ya rarake. A cike da tubali, a yi yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a zagaye gindin da dakalin siminti. Kada ka yarda a watsa wa bangon ƙasa filastar siminti haka kawai. Ba sa kama juna, sai ta kumbura ta bar rami a baya, ruwa da gara su shige, wata rana ta ɓanɓaro falle guda. In dole sai an yi, a kafa ƙusoshi a ɗaura ragar waya tukuna. In rufin ɗakunan na azara ne, a duba indararo, a yi yaɓen sama kafin watan Mayu.

Filastar bangon bulo: buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki 12 na yashi. Daɓe: buhu ɗaya, kwanon sarki 8. A yi ta ban ruwa safe da yamma kwana 7. Da hunturu in ba a ba shi ruwa ba, kafin mako ya tsattsage.

Salga ɗaya ga ɗaki biyar faɗa ce kullum da asuba. A ƙara ɗaya, ta ɗakin waje daban. Ƙasarku yashi ce, ramin da ba a ɗaure da bulo ba yakan rufta da damina. A sa bututun iska mai inci 4 ya ɗara rufin da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Tsakanin salga da rijiya ana son mita 30, in wuri ya ƙure kada ya gaza 15, kuma salga ta kasance ta gangare. In gidan bai ba da wannan tazarar ba, ka gaya wa 'yan haya ruwan rijiyar na wanka da wanki ne, na sha su ɗebo a tuƙa-tuƙa. A yashe rijiyar, a yi mata murfi mai kwaɗo saboda yara. Ka kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2022, da ta yi ɓarna sosai a yankin Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa. In ya shiga gidan, a ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, a gyara rariya ta fitar da ruwan tsakar gida.

Wuta: ɓera yakan cinye waya a cikin silin, a sa mai gyaran wuta ya bi ta. Soket a sa masa waya mai kaurin 2.5, ƙwai mai kaurin 1.5. Ka je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wuta, ka ga bashin da ya taru a kan lambar gidan kafin kowa ya shiga, domin bil na ƙiyasi ba ya sanin gida a rufe yake. Ka nemi mita mai kati. In ba ta samu ba, a rubuta yadda za a raba bil, kuma mai hita ko risho na lantarki ya biya fiye da mai ƙwai ɗaya da fanka. Kwaɗo da sakata duka sababbi. In an gama, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, bango da daɓe da ƙofa da taga.

Barista Nura

Malam Idi da Malam Haladu sun yi bayani. Ni takarda biyu zan yi magana a kai, kuma ta farko ba ta ɗan haya ba ce, taku ce. Gidan da ba a raba ba na mutum bakwai ne. Ku rubuta cewa dukkanku kun wakilta mutum ɗaya ya ba da haya, ya karɓi kuɗi, ya yi gyara har zuwa adadi kaza ba sai ya tambaya ba, ya kawo lissafi sau ɗaya a shekara. Kowa ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, da shaidu biyu. In babu wannan, ɗan haya mai wayo zai ce ya ba wa yayanka kuɗin a kasuwa, ko wata ƙanwarka ta sa nata mutumin a ɗakin da ka riga ka karɓi kuɗinsa.

Ta biyu ita ce yarjejeniyar haya. Shafi ɗaya ko biyu da Hausa ya isa, ba sai da Turanci ba. A sa cikakken sunan mai haya da lambar NIN da wurin aiki, da sunan mai tsaya masa da sa hannunsa. A fayyace wane ɗaki ne, da abin da ake tarayya a kai, wato rijiya, salga, madafa. A rubuta kuɗi da lamba da kalmomi. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma a faɗi da wace kalanda ake lissafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, cikin shekara uku an samu saɓanin wata guda. A rubuta mutum nawa za su zauna, da cewa ba zai ba wani hayar ɗakin ko ya sauke wani ya zauna ba sai da izini, ba zai huda bango ko ya yi gini ba, ba zai ajiye fetur na sayarwa ba. A raba gyara: yoyon rufi, tsagewar bango, ruftawar salga na mai gida ne, ƙwai, kwaɗo, gilashi, abin da yara ko dabbobi suka ɓata na ɗan haya ne. Kuma duk gyaran da zai yi da niyyar a cire daga haya, sai ya sami izini a rubuce, ko da saƙon waya ne, tare da adadin kuɗin. Rigimar da ta fi yawa ita ce a ƙarshen shekara ya ce ya yi daɓe da fenti na N60,000, don haka ku ne ma za ku ciko masa. Kuɗin ajiya na ɓarna, kamar na wata ɗaya ko biyu, a rubuta shi daban da yadda za a mayar. Kwafi uku: naka, nasa, na mai unguwa. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit mai nuna daga wace rana zuwa wace rana.

Game da fitar da mutum, nan ne masu gida ke jefa kansu a matsala. In yarjejeniya ba ta faɗi wa'adin sanarwa ba, abin da kotuna ke bi shi ne: mai biyan mako-mako sanarwar mako ɗaya, mai wata-wata wata ɗaya, mai wata uku-uku wata uku, mai shekara-shekara wata shida. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takarda ta kwana 7 cewa za a je kotu a karɓi gida, sannan a shigar da ƙara. Shi ya sa ranar ƙarewa take da muhimmanci. Hayar da aka yanke wa rana tana ƙarewa da kanta, abin da ya rage takardar kwana 7 ce. Amma in ranar ta wuce ka karɓi kuɗin wata shekarar ba tare da sabuwar takarda ba, ka mayar da shi mai shekara-shekara, wata shida ya hau kanka. To duk shekara a sabunta, ko da layi uku ne a bayan tsohuwar. Kuna da damar rubuta wa'adin da kuka amince a kai, misali wata biyu, kuma shi za a bi.

Abin da ba a yi: cire ƙofa, yaye kwano, sa kwaɗo a kan nasa, yanke masa wuta, watso kayansa waje, ko kawo 'yan sanda su kore shi. Bashin haya ba laifin da 'yan sanda ke kamawa ba ne. Ko kana bin sa bashin shekara biyu, in ka yi ɗaya daga cikin waɗannan, shi zai kai ka ƙara ya nemi diyya. Fara da mai tsaya masa, sai mai unguwa, sai dagaci; yawanci a nan take mutuwa. In ta ƙi, kotu.

Hajiya Ladidi

Murtala, duk abin da aka gaya maka daidai ne, amma akwai inda ban bi Malam Idi ba. Karɓar shekara cif tsarin birni ne. Malamin firamare mai ƙaramin albashi ba shi da N80,000 a dunƙule, in ka dage sai ka kori mutumin kirki ka ɗauki mai kuɗin da ba ka san tushensa ba. Ma'aikaci a karɓi wata uku na farko da kuɗin ajiya, daga nan wata-wata ta asusun banki, a sa rana, misali kafin 5 ga wata. Barista ma ya faɗa, mai wata-wata sanarwar wata ɗaya ce tasa. Sharaɗin kawai kada a bari wata biyu su haɗu. In na farko ya wuce da mako, a kira shi. In ya kai mako biyu, a kira mai tsaya masa. Bashin wata ɗaya ana biya, na wata shida sai dai a yafe ko a yi rigima. Manomi ko ɗan kasuwar hatsi kuwa shekararsa ta fara daga Nuwamba, lokacin da yake da kuɗi a hannu. Kada ka sa ranar biyansa ta faɗo a Yuli ko Agusta, yana neman na taki da na abinci.

Abu na biyu, wa za ka haɗa da wa. Tsakar gida ɗaya ba ta ɗaukar magidanci mai mata a kulle da gwauro. Ko cikin gidan ya zama na iyalai, ɗakin waje na gwauro da salgarsa da ƙofarsa, ko duk gidan ya zama na maza ma'aikata. In ka gauraya, magidancin zai fita, ko liman ya aiko maka. Iyali biyu ma a tsakar gida ɗaya sai an tsara: ranar sharar kowa, wankin salga, inda kowa zai kafa murhu, igiyar shanya. Turke a yi magana a kai tun farko. Akuya biyu ba laifi, amma a ƙurya nesa da rijiya, ba a jikin bangon ƙasa ba, fitsarinsu yana cin gini. Janareto a waje, nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane a cikin barci.

Kuma kada ka bi masu cewa ba a ba mace haya. Ungozoma ko malamar jinya ko malamar makaranta da aka turo aiki, in ta zo da takardar aiki da waliyyinta ko mijinta ya tsaya mata, ta fi maza da yawa biya a kan lokaci da tsaftar wuri. A sa ta a cikin gida tare da iyali, ba a ɗakin bakin titi ba.

Sai maganar ɗan baffanku. Ɗan wani abu ba kuɗin haya ba ne. Shekarar farko zai kawo tiya biyar ta gero, ta biyu ya ce damina ba ta yi kyau ba, ta uku an haifi yara biyu, wa zai iya buɗe baki? Kuma sauran 'yan haya in suka ga shi ba ya biya, su ma hannunsu zai yi nauyi, shi kuma ya zama mai gida a kansu. Abu biyu ne, ku zaɓi ɗaya ku bakwai ɗin. Ko haya ce, a yanke kuɗi ko da rabin na kasuwa ne, a rubuta kamar ta kowa. Ko aro ne don zumunci, a rubuta aro ne na shekara ɗaya ko biyu, shi kuma ya ɗauki yaɓe da kula da gida. Ka je da kanka ka gaida baffa da goronka, ka ce masa ba kai kaɗai ba ne, akwai haƙƙin mata huɗu a ciki, su suka ce a rubuta. Dattijo ba ya ja da wannan. Mai karɓar kuɗi da leƙa gida kuwa kada ya zama shi. A samu wani maƙwabci dattijo, a yanka masa ɗan hasafi duk wata, ya riƙa leƙawa musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi, kuɗi kuma su tafi asusu kai tsaye.

Murtala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na fahimta. Abin da ya rage mini: in mun zaɓi aron, rubutun dole ne? Ina jin nauyin miƙa wa ɗan'uwana takarda a kan abin da kyauta muka ba shi. Sannan kuɗin hayar daidai ake raba mana ko yaya?

Malam Sabi'u

Malam Murtala, aron ma ya fi hayar bukatar rubutu. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke aiki da shi akwai hauzi: wanda ya riƙe gida ko gona yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba, ba kuma wani abu ya hana shi ba, in bare ne shekara 10 ta isa a ƙi sauraren mai shi, in ɗan'uwa ne ana kai wa shekara 40. Wanda ya shiga da aro ko haya ba shi da hauzi, amma sai an tabbatar da cewa da aron ya shiga. Ku da shi kun sani yau. 'Ya'yanku da nasa ba su sani ba, shaidun baki kuma mutuwa suke yi. Takardar ita ce za ta yi magana a lokacin. In nauyi kake ji, ka bar liman ko mai unguwa ya rubuta a gabanku, ya karanta aya ta 282 ta Suratul Baƙara da ta yi umarni da rubuta bashi, shi ya miƙa masa alƙalami.

In haya ce, sharaɗinta a san kuɗi a san muddar, shi ya sa ɗan wani abu ba ya ƙulla ta. Ana iya biya da hatsi, amma a faɗi buhu nawa, na wane iri, a wane wata. Kuma rasuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware ta, magada ne ke ci gaba har muddar ta cika.

Rabon kuɗin kuwa gwargwadon rabon gidan ne, bayan an cire gyara. In ku bakwai ɗin ne kaɗai magada, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, maza uku kashi shida, mata huɗu kashi huɗu, jimla goma. A misalin Malam Idi na N122,500, kowace mace N12,250, kowane namiji N24,500. Aro kuma sai kowa ya yarda da bakinsa, domin kyauta ce daga rabon kowa. In ɗaya daga cikin matan ta ce ba ta yafe nata ba, sai a ƙimanta hayar ciki da falon a biya ta kashi ɗaya cikin goma.